Motar da Ban Saya Ba

Ran sunan ɗan Hadiza ina kishingiɗe a zaure, kuna tsammanin barci nake, na ji ɗayanku yana ba baƙi labari wai da ba don rowar Baba ba, da gidanmu ne na farko da ya ajiye mota a unguwar nan, da yanzu manyan motoci gare mu a kan hanya. Aka yi dariya. Na san muryar wanda ya faɗa, ba zan kama suna ba, shi ma ya san kansa. Ban ɗaga kai ba don kada in ba ku kunya gaban mutane, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce sai na rubuta muku abin da ya faru a shekarar, yadda ya faru. Ba rowa ba ce. Da rowa ce ma da na fi samun sauƙi, don marowaci ya san abin da yake yi. Ni kuwa wallahi ban san abin da nake yi ba, kuma har yau akwai wurin da kaina bai gama kamawa ba.

Lokacin shekara biyu ko uku ke nan da Turawa suka miƙa mulki. Ina nan Dutsin-Ma, ina da shekara talatin da 'yan kai, ina sayar da hatsi, ran kasuwa kuma ina kara wurin cinikin shanu. Yayana Sada, Allah ya jiƙansa, yana Kurfi, shi ke sayen gero da wake a can ya turo mini. Jarinmu ɗaya tun rasuwar mahaifinmu, ba a taɓa jin kanmu ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ɗauko kaya. Jaki ba ya ɗaukar abin kirki, babbar mota kuma ta mutanen Katsina ce, sai ta ga dama take tsayawa, in ta tsaya ma direba ya yi ta yi maka yanga kamar kyauta zai ɗauka. Akwai wata kaka da wakenmu ya kwana tara a bakin hanya a Kurfi har ƙwari suka shige shi. A kwana na goma Yaya Sada ya hau kekensa ya zo, bai ko sha ruwa ba ya ce:

"Rabe, mota za mu saya. Akori-kura, 'yar ƙarama. Na gaji da wulaƙanci."

Muka tambayi masu zuwa Kano, suka ce akori-kura iri biyu ce ake yayi, ta Ingila da ta Faransa, kuma ta Faransa ta fi sauƙin kuɗi. Muka kakkaɓe duk abin da muka tara, bai kai ko na mai sauƙin ba. Cikon kuwa wuri ɗaya yake, wurin Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a gidana. Ku ba ku riske ta ba sai manyanku. Bafillatana ce ta Karofi, ko da yake Hausa take yi, Fillancin ba ya fitowa sai za ta kira saniya ko za ta yi mana faɗa. Tana da shanu goma sha biyu, ban da ɗan maraƙi guda, a hannun ƙanenta can Karofi, dukansu tsatson saniya ɗaya ne da mahaifinta ya kama mata ran sunanta. Babbarsu ita ce Wule, wata ja mai farar fuska, wadda ko daga nesa ta ji muryar Inna sai ta bar kiwo ta taho. Muka shiga ɗakinta da hantsi muka durƙusa, Yaya ya yi bayani tiryan-tiryan. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗaga kai ba.

"Ita motar mi take ci?"

"Fetur, Inna."

"Tana haihuwa?"

Yaya ya yi dariya ya ce, "Kuɗi take haifa, Inna."

Ita ba ta yi dariya ba. Sai da ta gama reshen da ke hannunta sannan ta ce, "Ku ɗauki goma sha ɗaya. Wule ku bar mini ita da ɗan maraƙinta. In na mutu ku yi yadda kuka so, amma ina da rai ba za a ce ba ni da saniya ba."

Muka ce mun ji, muka yi alkawari. Ni da hannuna na sayar da goma sha ɗayan nan cikin kasuwa uku, kuma na sayar da su da daraja. Da aka haɗa da namu, ya yi daidai da kuɗin ta Faransa, har da ɗan abin shan mai.

Ni aka zaɓa in je Kano, kuma a nan ne ya kamata ku fahimci irin mutumin da nake a lokacin. Ba yabon kai ba, a karar Dutsin-Ma ba a cika samun wanda ya fi ni iya ciniki ba. Yadda ake yi kuwa, mai dabba ya faɗi kuɗi can sama, kai ka taya can ƙasa, ya ce albarka. Ka ƙara, ya ce albarka. Ka nuna masa ga wata can da aka ba ka ƙasa da haka. In ya kafe, sai ka shafa bayan dabbar, ka ce Allah ya kawo kasuwa, ka juya ka kama tafiya sannu-sannu. Wannan tafiyar ita ce cinikin. Kafin ka yi taku ashirin dillali ya biyo ka ya kama hannun rigarka. In bai biyo ka yau ba, kasuwa mai zuwa zai neme ka, don dabbar da ba a sayar ba ci take, ramewa take, mai ita kuma gajiya yake. Tun ina saurayi haka na ga duniya tana tafiya, ban taɓa tunanin akwai wani irin ciniki daban ba.

Na sauka a Fagge wurin maigidan da muke kai wa wake. Da safe na sa babbar rigata na nufi layin kamfanonin Turawa. Kamfanonin biyu kusan suna kallon juna, hanya ce kawai a tsakani. Kowace mota an ɗora mata wani kati a gilashi da kuɗinta a rubuce. Na fara da ta Ingila, don irinta na saba gani da ma'aikatan En'e, raina kuma ita yake so. Na zagaye ta sau uku. Na auna bayanta da kamu, na danna ta in ga yadda take lotsawa, na ƙwanƙwasa ƙarfen, na sa aka buɗe mini gabanta na leƙa, yadda ake buɗe bakin sa a duba haƙora, sai dai ban san abin da nake kallo ba. Na tsallaka na yi wa ta Faransa haka. Ƙafa huɗu nan, ƙafa huɗu can. Fitila biyu nan, biyu can. Mutum uku a gaba nan, uku can. Bayan ta Faransa ma ya fi tsawo da kusan taƙi guda. Amma tsakanin katin nan da katin can akwai kuɗin bijimai bakwai. Bijimai bakwai! Na tsaya a tsakiyar hanya ina duban wannan ina duban waccan, har wani mai keke ya kusa kwashe ni.

Na koma wurin akawun kamfanin ta Ingila, wani ɗan Kano mai ɗaure wuya da ƙyalle a cikin wannan zafi.

"Malam, don Allah mi ya sa taku ta fi ta maƙwabtanku tsada haka?"

"Tamu ta Ingila ce."

"Na ji. To mi ya sa ta fi tsada?"

"Ai na faɗa maka, Alhaji, ta Ingila ce."

Ni da ban je Makka ba a lokacin, na karɓi Alhajin na tsallaka. Na tambayi na can mi ya sa tasu ta yi araha. Ya ɓata rai ya ce tasu ba araha ba ce, ta waɗancan ce ta yi tsada. Wannan ya ƙara dagula mini lissafi, don a kara in ka ga saniya mai kyau an karya mata kuɗi, to akwai abin da ake ɓoyewa, ko tari, ko ɗingishin da ba ya fitowa sai an yi tafiya. Na wuce tasha na sami direbobi suna cin abinci, na saya musu goro na tambaye su. Ɗaya ya rantse ta Ingila jikanka ma zai gāje ta. Na biyu ya ce ƙarya ne, a hanya irin tamu mara kwalta ta Faransa ce ke jurewa, ta Ingila suna kawai ake saya. Na uku ya ce duk biyun an tsawwala, bara ba haka kuɗinsu yake ba, in ina da hankali in jira wata ta Jamus da ake cewa tana tafe. Suka kaure da gardama har suka manta da ni. Na bar wurin da abin da na zo da shi, sai ciwon kai da ya ƙaru.

Da na zauna na natsu, sai na ce ai na gane. Kuɗin kati buɗin baki ne. Ba mai hankalin da zai sa bijimai bakwai tsakanin abu biyu iri ɗaya sai in ya bar wurin ragi. Na ma ji haushin kaina da na bari rubutu ya tsorata ni. Washegari na koma kamfanin ta Ingila, na jingina da motar, na taya ta a kuɗin ta Faransa, na nuna wa akawun tsallaken hanya da haɓa.

"Ga ta can an ba ni a haka."

"To ai sai ka je ka saya."

"Ina nufin na taya taka."

"Alhaji, ba a tayi a nan. Abin da ke kati shi ne."

Na ce a raina, wato irin albarkarsu ke nan. Na shafa bayan motar, na ce Allah ya kawo kasuwa, na gaya masa inda na sauka, na juya. Na yi tafiyar nan tawa sannu-sannu. A bakin ƙofa na tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Na fita na tsaya wurin mai goro ina zaɓe, kunnena na baya. Ba wanda ya kama mini riga. Da na saci kallo, akawun ya koma kujerarsa yana karatun jarida. Na ce lalle wannan gwani ne. Na tsallaka wurin ta Faransa, kuɗinta cif suna ɗaure a ƙuguna, da na miƙa su a ranar da shi ke nan, da wannan labarin bai samu ba. Amma ina! Mutumin da ake tsoro a kara ya biya kuɗin farko? Na taya ta ƙasa da katinta, shi ma na gaya masa masaukina, na yi tafiyata.

Kwana uku na yi a Fagge ina jira. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in gyara zama in ɗaure fuska, sai in ga mai tallan fura ne ko wani maƙwabci. Maigidan ya ce mini, "Malam Rabe, waɗannan fa ba sa biyo mutum." Na ce ai ba su gaji ba ne tukuna. Ran na huɗu na hau mota ta Katsina, na sauko Kurfi don in yi wa Yaya bayani. Na tarar har ya kafa rumfa a ƙofar gida inda za a riƙa ajiye motar, ya kuma yi magana da wani direba. Yana hango ni ya miƙe yana duban bayana.

"Ina motar?"

"Na bar su su huce, Yaya. Wata biyu ya ishe su. Da kansu za su sauko."

"Su sauko? Rabe, ciyawa take ci da za su gaji da ita?"

Maganar ta ɗan sosa ni, don ban yi wannan tunanin ba. Amma na dake na ce ya bar mini, ciniki nawa ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to, tunda bai taɓa ganin an ci ni a kasuwa ba.

Bayan wata biyu na koma. Tun daga bakin ƙofa na ga an sake katunan, murna ta kama ni, na ce sun sauko. Da na matsa sai na ga hawa suka yi, duka biyun. Na ce ko idona ne, na sa akawun ya karanta mini. Ya ce an ƙara kuɗin fito a bakin teku, duk wadda za ta shigo yanzu ta fi tsada. Na ce to wannan ai ba yanzu ta shigo ba. Ita ce dai wadda na taya, na shaida ta da wani ɗan tabo a ƙofar baya. Wata biyu tana tsaye wuri ɗaya, ba ta yi ƙiba ba, ba ta ɗauki ciki ba, ba a ƙara mata ko ƙusa ba, ta yaya za ta fi tsada? Ya ɗaga kafaɗa ya ce haka aka aiko daga sama. Na zauna a kan dakalin kamfanin. Kuɗin da ke ƙuguna yanzu ba su isa ko ta Faransa ba. Abin da ya rage kuwa, da na auna shi da idon ɗan kara, daidai yake da kuɗin saniya mai kyau da maraƙinta. Ban so na iya wannan lissafin ba.

Yaya bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi ba abin da ya rage mana na sayarwa sai Wule, kuma in muka ƙara jinkiri katin zai sake hawa. Na ce mun yi alkawari. Ya ce alkawarin da muka yi na sayen mota ne, ba na zuwa Kano gyaran takalmi ba, don ni da bakina na ba shi labarin. Shi ya shiga wurin Inna, ni na kasa, na tsaya a bakin ƙofa ina ji. Ya gama magana. Can ta ce:

"A aika Karofi a kawo ta. Amma Rabe ne zai riƙe igiyar."

Ran kasuwa na ja Wule zuwa kara, maraƙin na bin ta. Yaya na gefe riƙe da kekensa. Mati, dillalin da muka daɗe tare, ya kawo wani mai sayen shanu yana kai su Kurmi. Mutumin ya buɗe bakinta, ya taɓa hantsarta, ya taya. Na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya nuna wata can ya ce an ba shi ƙasa da haka. Ya ƙara na uku, kuma wannan karon kuɗin sun kai abin da muke nema, har da ɗan ɗori. Bakina ya riga ya saba, na ce albarka. Sai ya shafa bayanta, ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya juya ya kama tafiya sannu-sannu. Na san tafiyar nan, tawa ce. Ya yi taku goma ya tsaya yana gyara takalmi. Mati ya matso kunnena.

"Kuɗin sun yi, Malam Rabe. In kamo shi?"

Na ƙara naɗe igiyar a hannuna.

"Zai wuce fa. Ka ce ka sallama mana!"

Yaya ma ya kira sunana sau biyu, da ƙarfi, har mutane suka juyo. Ina so in ce muku tausayin Inna ne ya hana ni, amma na ce gaskiya zan rubuta. Akwai tausayin, sai dai ba shi kaɗai ba ne. Ina tsaye igiya a hannu, kaina na can Kano. Ina tambayar kaina, in na kai kuɗin nan na tarar katin ya sake hawa fa? In ta Faransar tana da ɗingishin da ba a gaya mini ba fa? Mene ne ma ainihin kuɗin abin nan, wa ya yanke shi, a kan me? Wule kuwa na san kuɗinta har kwabo, na san uwarta, na san dalilin kowane sule. Ina wannan tunani mutumin ya gama gyaran takalminsa, ya waiwayo sau ɗaya, ya shige cikin jama'a. Ban yanke shawarar ƙin sayarwa ba, bakina ne bai buɗe ba har lokaci ya wuce. Da na juya, Yaya ya hau kekensa ya kama hanyar Kurfi bai ce mini komai ba.

Da kakar nan muka raba jari. Shi daga baya ya haɗa hannu da wani suka sayi tsohuwar mota, ta yi musu aiki daidai gwargwado. Kuɗin Inna na mayar da su kara, amma shanu sun tashi a tsakanin, bakwai kawai suka saya a madadin goma sha ɗaya, kuma har ta rasu baƙi take ce musu. Ni da Yaya muka koma sai gaisuwar biki da ta'aziyya, shekaru masu yawa. In kun taɓa mamakin abin da ya sa ba ku saba da 'yan uwanku na Kurfi ba, to ga shi nan, laifina ne, kuma yana damuna fiye da duk wata mota. Daga baya na ga ta Faransa ta cika hanyoyinmu, ta Ingila ta yi wuyar gani. Wasu suka ce ka ga, da ma tsadar banza ce. Wasu suka ce a'a, don ta fi ƙarfin talaka ne. Na saurari kowa, ban fi ranar da na tsaya a tsakiyar hanyar nan ganewa ba.

Da la'asar ɗin ranar na jawo Wule zuwa gida. A hanya ina ta saƙa cewa ko ba komai Inna za ta yi murna, za ta sa mini albarka, in sami abu ɗaya da na yi daidai a shekarar. Na tarar da ita a bakin zaure a tsaye, ita da ba ta fitowa. Ta dubi saniyar, ta dubi maraƙin, ta dube ni.

"Ba ta yi kasuwa ba?"

"Ta yi, Inna. Ni ne ban sallama ba."

"Yayanka fa?"

"Ya tafi."

"Ya yi maka sallama?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ba ku goma sha ɗaya don ku biyu ku zauna lafiya," in ji ta. "Ga shi ba shanu, ba mota. Yanzu kuma ka dawo mini da saniya, ka bar ɗana a hanya."

Ta miƙo hannu ta karɓi igiyar. Ta kira Wule da Fillanci, a hankali, saniyar ta sa farar fuskarta a kafaɗarta, suka shige ciki tare. Ni aka bari a ƙofar gida, kuɗin motar na ɗaure a ƙuguna.